Shafin Intanet na Shago: Ɗinkakke ko Na Awo?

Mai shagon atamfa ko turare a Kambarawa da ke son buɗe shafin intanet, zaɓi biyu ke gabansa: ya ɗauki ɗinkakken tsari, ko ya sa a tsara masa nasa, kamar ɗinkin tela.

Ɗinkakken shi ne irin na WordPress, manhajar da ta fito a 2003. Ga arha, wani ma kyauta ne. Matsalarsa nauyi: an cusa masa tarkacen da ba ka buƙata, alhali kwastomanka da waya zai buɗe, da datarsa. Binciken Google na 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu waya kan bar shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Kafin ka biya kuma, gwada rubuta ƙ, ɗ da ɓ. Wasu salon haruffan ba su san su ba, sai ɗan akwati ya fito.

Na awo kuwa akwai tsada, kuma kowane gyara sai an nemo wanda ya yi shi. A ganina, ɗinkakke mara nauyi ya ishi ƙaramin shago, a haɗa masa Paystack da maɓallin WhatsApp. Na awo sai mai rassa da yawa da lissafin kaya ya rikice masa.