Darasi na 24: Daga Pari zuwa Landan ta ƙarƙashin teku

A ƙasashen Turai, ma'aikata da yawa suna hutu ranar Asabar da Lahadi. Wasu sukan zauna gida. Wasu sukan je ƙauye gaida iyaye. Wasu kuma sukan ɗauki ƴar jaka, su shiga jirgin ƙasa, su tafi wani birni a wata ƙasa dabam. Su yi kwana ɗaya ko biyu suna kallon gari, sa'an nan su komo gida. Ranar Litinin da safe kowa yana bakin aikinsa, yara suna makaranta.

Ta yaya mutum zai je wata ƙasa ya dawo cikin kwana biyu, har ya sami lokacin yawo? Amsar tana wajen wani irin jirgin ƙasa mai tsananin gudu.

1. Jirgi mai gudu

Japan ce ta fara yin irin wannan jirgi. A shekarar 1964 ta buɗe hanya tsakanin Tokiyo da Osaka. A shekarar 1981 Faransa ta buɗe tata, tsakanin Pari da Liyon. Faransawa suna kiran jirginsu TGV, wato jirgin ƙasa mai babban gudu.

Wannan jirgi yana cin kilomita 300 a awa guda. Ke nan kilomita 5 a minti guda. Kafin ɗalibi ya rubuta sunansa a allo, jirgin ya wuce fiye da kilomita ɗaya. A shekarar 2007 an gwada wani TGV, gudunsa ya haura kilomita 574 a awa.

Ba ya shan mai, ba ya cin gawayi. Da wutar lantarki yake tafiya. Akwai waya shimfiɗe a sama, tun daga farkon hanya har ƙarshenta. A kan rufin jirgin akwai wani hannu na ƙarfe da yake gogar wayar, yana jawo wuta zuwa inji. Yawancin wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, su kuwa da uraniyum suke aiki. Shekaru masu yawa, wani kashi na wannan uraniyum daga Arlit, a ƙasar Nijar, aka haƙo shi.

Gaban jirgin siriri ne, mai tsini kamar bakin tsuntsu. An ƙera shi haka don ya tsaga iska cikin sauƙi.

2. Sirrin yana ga hanya

Doki komai gudunsa ba ya sukuwa cikin kasuwa. Sai an ba shi fili. Haka jirgi mai gudu yake: sai an yi masa hanyar dogo tasa ta musamman.

Hanyar miƙaƙƙiya ce, ba ta da kwana mai tsanani. In an tarar da kwari, a yi gada. In an tarar da dutse, a huda shi. Ƙarafan dogon a haɗe suke da walda, shi ya sa ba a jin ƙara ko girgiza sosai. An kewaye hanyar da shinge don kada dabbobi su shiga. Hanyar mota ba ta gilma ta: ko ta bi ta sama, ko ta bi ta ƙasa. Dalili kuwa shi ne, jirgin da yake cikin gudu ba ya tsayawa nan take. In direba ya taka birki, sai an yi fiye da kilomita 3 kafin jirgin ya tsaya.

A irin wannan gudu, idon direba ba ya iya karanta alamun bakin hanya. Don haka umurni yana zuwa masa ne a cikin ɗakinsa, a kan wani ɗan allo da ke gabansa. In ya wuce gudun da aka ƙayyade, jirgin da kansa yake kama birki.

3. Hanya a ƙarƙashin teku

Tsakanin Faransa da Ingila akwai wani reshen teku, ana ce masa Mansh. Inda ya fi ƙunci, faɗinsa wajen kilomita 34 ne. A da, mai zuwa Landan daga Pari sai ya shiga jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya sauka, ya shiga jirgin ruwa, ya sake sauka, ya kuma shiga wani jirgin ƙasa. Tafiyar takan cinye wuni. In teku ta tashi, sai a jira.

Sai ƙasashen biyu suka shirya su haƙa hanya a ƙarƙashin tekun. Faransawa suka kama haƙa daga kusa da garin Kale, Ingilishi daga nasu gefen. Sun yi aiki da manyan injuna 11 masu cin dutse kamar yadda gara take cin itace. Sun bi wani dutse mai laushi, dangin allin da ake rubutu da shi a aji. Ranar 1 ga Disamba 1990 ma'aikatan ɓangarorin biyu suka haɗu a ƙarƙashin teku, suka yi musafaha ta wata ƴar kafa. Aikin bai zo da sauƙi ba: ma'aikata 10 sun rasa rayukansu a cikinsa.

Ranar 6 ga Mayu 1994 sarauniyar Ingila Elizabet ta Biyu da shugaban Faransa Faransuwa Miteran suka buɗe hanyar. Tsawonta kilomita 50 ne, wajen 38 daga ciki a ƙarƙashin teku. Ramuka uku ne a jere: ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, na tsakiya kuma na masu gyara da masu ceto. Fasinja ba ya ganin ruwa ko kifi, domin hanyar tana cikin dutse, can ƙasa da gindin teku. Duhu kawai yake gani ta taga na wajen minti 20, sai haske ya bayyana, ga shi a wata ƙasa.

Jirgin fasinja da yake bin wannan hanya sunansa Eurostar. Ya fara aiki a watan Nuwamba 1994.

4. Kwana biyu a Landan

Ga misalin wani magidanci a Pari da matarsa da ƴaƴansu biyu. Tun da sauran makonni suka sayi tikiti, domin wanda ya saya da wuri ya fi samun araha. Ranar Asabar da sassafe suka je tashar da ake kira Gare du Nord. Aka duba fasfo ɗinsu, aka bincika jakunkunansu, kowa ya zauna a kujerar da lambarta take a tikitinsa.

Jirgi ya tashi ƙarfe 8. Nisan tafiyar ya kusa kilomita 500, amma awa 2 da minti 20 kawai ta ci. Da suka sauka a tashar St Pancras, agogon uban ya nuna ƙarfe 10 da minti 20, agogon tasha kuwa ƙarfe 9 da minti 20. Babu wanda ya lalace. Agogon Ingila yana bayan na Faransa da awa guda.

Ba agogo kaɗai ya sake ba. Mutane suna magana da Ingilishi. Kuɗin ƙasar fam ne, ba yuro ba. Motoci suna bin hannun hagu, dole yara su lura kafin su ƙetare titi. Suka ga kogin Tamiz da hasumiyar agogo mai ƙararrawar Big Ben. Suka shiga babban gidan tarihi na British Museum, inda ba a biyan kuɗin shiga. Suka ci soyayyen kifi da dankali, suka kwana a otel. Ranar Lahadi da maraice suka komo. Ƙaramar ƴarsu ta dawo da kalmomi biyar na Ingilishi, da labarin da za ta ba ƴan ajinsu. Tafiya mabuɗin ilimi.

Me ya sa ba su shiga jirgin sama ba, alhali ya fi gudu? Domin filin jirgin sama yana can bayan gari. Sai an yi doguwar tafiya kafin a kai, a yi dogon jira, in an sauka kuma a sake neman mota. Tashar jirgin ƙasa kuwa tana tsakiyar birni. Ban da haka, jirgin lantarki bai kai jirgin sama ɓata iska ba.

Ba Landan kaɗai ake zuwa ba. Daga Pari zuwa Buruksel, babban birnin Beljik, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Zuwa Janeba, a ƙasar Suwis, awa uku ne da ƴan mintoci.

5. Nisa ya ragu, iyaka tana nan

Faransa da Beljik suna cikin ƙasashen Turai da suka yarda mutane su riƙa ƙetare iyakokinsu ba tare da an tsayar da su kullum ba. Ingila ba ta cikin wannan yarjejeniya. Mai zuwa Landan dole ya nuna fasfo. Mutanen ƙasashe da yawa, har da na Afirka ta Yamma, sai sun sami biza tukuna.

A kusa da Kale, inda hanyar take nutsewa cikin ƙasa, an kafa dogayen shingaye na waya. Shekara da shekaru baƙi marasa takardu suna taruwa a wannan yanki. Wasu yaƙi ya koro su, wasu talauci. Suna son shiga Ingila. Wasu sun ɓuya cikin manyan motoci, wasu sun bi hanyar dogo da ƙafa, wasu sun shiga ƙananan kwale-kwale. Da yawa sun mutu a hanya. Tekun da mai tikiti yake wucewa cikin minti 20 yana zaune a kujera, ita ce wani yake sayar da ransa a kanta.

Jirgi ya rage nisa, amma bai kau da iyaka ba. Tafiya mai lafiya tana son abu uku: takardu, guzuri, da sanin inda za a sauka.

6. A Afirka fa?

Maroko ce ta fara samun irin wannan jirgi a nahiyar Afirka, a shekarar 2018. Sunansa Al Boraq. Yana haɗa Tanja da Kazablanka cikin awa 2 da minti 10, amma bai fita daga ƙasar ba. Gina irin wannan hanya yana son kuɗi masu yawa, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ƙwararrun ma'aikata. Ƙwararrun nan kuwa duk daga aji suka fara, da karatu da lissafi.

Kalmomi

jirgin ƙasa: le train
tasha: la gare
hanyar dogo: le chemin de fer
hanyar ƙarƙashin ƙasa: le tunnel
teku: la mer
iyaka: la frontière
gudu: la vitesse

Tambayoyi

1. Wace ƙasa ce ta fara yin jirgin ƙasa mai tsananin gudu? A wace shekara?
2. Me ya sa hanyar mota ba ta gilma hanyar TGV?
3. Me ya sa fasinja ba ya ganin kifi a ƙarƙashin tekun Mansh?
4. Ku faɗi abu uku da suka bambanta Landan da Pari.
5. Waɗanne abubuwa matafiyi yake bukata kafin ya ƙetare iyaka?

Lissafi

Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. In jirgi yana cin kilomita 300 a awa, awa nawa zai yi? Ku tambayi manya a gida awa nawa mota take yi, sa'an nan ku gwada amsoshin biyu.