Kayan Aikin Bonsai: Wanne Za A Saya, Wanne Za A Ƙera A Gida?

A babban gandun itatuwa na gwamnatin Amurka da ke birnin Washington akwai wani itacen fayin cikin kasko, wanda tsayinsa bai kai na mutum ba, amma tun shekarar 1625 ake renonsa. Yana gidan wani mutumin Japan mai suna Masaru Yamaki, wajen mil biyu daga inda bom ɗin nukiliya ya fashe a Hiroshima ran 6 ga Agusta, 1945, kuma Allah da ikonsa bai mutu ba. Cikin shekarar 1976 aka haɗa shi cikin itatuwa 53 da mutanen Japan suka ba Amurka kyauta, don taya ta murnar cika shekara 200 da samun 'yancin kai. Masu kula da gandun ba su san abin da itacen ya gani ba sai a 2001, sa'ad da jikokin Yamaki suka je ziyara suka ba da labari.

Irin wannan reno shi ake kira bonsai, watau shuka cikin kasko da harshen Japan. Itacen kuwa ba wani iri ne na dabam ba. Itace ne kamar kowane, wanda da an bar shi a daji sai ya yi girma ya ba da inuwa. Abin da ke tsare shi ƙarami shi ne datse rassa, da rage saiwa, da ƙuntata shi cikin kasko, da tanƙwara shi da waya, shekara da shekaru. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, gama a kabarin wani ɗan sarki mai suna Zhanghuai, wanda aka binne a 706, an sami zane a bango na bara ɗauke da faranti mai ɗan lambu a ciki. Daga can ta ƙetara Japan, inda ta bunƙasa har aka kafa ƙauyen masu bonsai a Omiya cikin 1925, bayan girgizar ƙasar 1923 ta kore su daga Tokyo.

To, duk wanda ya shiga wannan sha'awa, ko a Tokyo yake ko a London ko a Johannesburg, ba ya daɗewa sai ya ci karo da maganar kayan aiki. Takardun 'yan kasuwa cike suke da almakasai iri iri da awartakai da zartuna da kurafu, kowanne an ce ba a yi sai da shi. Ma'aikaci mai jiran albashi ko ɗalibi mai lallaɓa ɗan guzurinsa yana iya kashe kuɗin wata guda a kan abin da ba ya bukata. A ɗaya gefen kuma, wanda ya ƙi sayen kome ya kama itacen da ya yi shekara goma yana reno da dakusasshen almakashi, yana iya yi masa raunin da ba zai warke ba. Tsakanin waɗannan hasara biyu ne ake neman mafita.

Maƙeran Japan

Dalilin da ya sa kayan Japan suka yi suna yana cikin tarihin maƙeranta. A 1876 gwamnatin ƙasar ta hana yawo da takobi, sai da yawa daga maƙeran takubba suka koma ƙera wuƙaƙe da almakasai da kayan gona. Garuruwa irin su Sakai, kusa da Osaka, da Sanjo a lardin Niigata, sun shahara da wannan aiki. A Sakai akwai maƙerar Sasuke, wadda aka kafa a 1867, inda aka ba da labarin almakashi ɗaya da maƙerin Yasuhiro Hirakawa ya ƙera da hannu wanda kuɗinsa ya haura dala 20,000. Irin wannan kayan gado ne na manyan masu hali, ba shi ne ma'aunin abin da mai koyo yake bukata ba.

Abin lura shi ne kayan da aka keɓe don bonsai kaɗai ba su daɗe ba in an kwatanta da sana'ar. Sai cikin shekarun 1920 ne gidan maƙeran Masakuni ya fito da almakashi na musamman don bonsai, daga baya kuma ya ƙirƙiro awartakin yanke reshe mai lanƙwasasshen baki. Kafin nan da kayan lambu na yau da kullum ake aiki. Haka ita ma waya, a farkon ƙarni na 20 ne ta zama ruwan dare. A dā da igiya da gora da rataya duwatsu ake karkatar da rassa, mutanen Yangzhou na ƙasar Sin kuwa da zaren dabino-daji suke ɗaure nasu.

Abin da ya cancanci a saya

Masana sana'ar kusan bakinsu ɗaya a kan cewa in mutum zai sayi abu guda tak, to ya sayi awartakin nan mai lanƙwasasshen baki. Dalili kuwa shi ne yadda itace yake warkar da rauninsa. In an yanke reshe, sabon nama yakan taso daga gefen raunin ya rufe shi sannu a hankali. Almakashin lambu yakan bar ɗan kututture, saboda haka in naman ya rufe sai wurin ya zama ƙulu mai muni wanda ba ya ɓacewa. Shi kuwa wannan awartaki yana ciza cikin jikin itacen ya bar ɗan rami mai kama da ƙwayar ido, naman da ya taso sai ya cike ramin, wurin ya daidaita da sauran jiki.

Ƙera shi a gida da wuya. Bakunansa biyu dole su haɗu daidai tun daga wannan gefe har wancan, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya kamar kaurin takarda, kuma ƙarfen ya sha wuta daidai gwargwado, don in ya yi laushi sai ya lanƙwashe, in ya cika tauri sai ya ɓalle. Akwai masu goge filayar cire ƙusa su mai da ita irinsa, amma galibi takan murƙushe ɓawo maimakon ta yanke shi. Murƙushasshen rauni kuwa ya fi jinkirin warkewa, kuma ƙofa ce ga ruɓa. A nan ne maganar Hausawa ta cewa araha ba ta ado take da gaskiya.

Na biyu shi ne almakashi mai siririn baki da faffaɗan mariƙi, wanda zai shiga tsakanin ganye ya ɗauke abin da ake so kaɗai. Ga mai koyo, almakashin tela mai kaifi ko na likita yana iya riƙe shi shekara ɗaya ko biyu. Na uku shi ne abin yanke waya mai dunƙulallen baki. Filayar mai gyaran lantarki tana yanke waya sarai, amma tsininta yakan soki ɓawo a lokacin da ake cire wayar da ta kwanta jikin reshe.

Wajen saye kuma akwai zaɓi biyu. Baƙin ƙarfe ya fi araha, ya fi sauƙin wasawa, amma yana tsatsa in an bar shi da danshi. Farin ƙarfe ba ya tsatsa da wuri, sai dai ya fi tsada kuma wasa shi ya fi wuya. Kayan da ake yi a masana'antun Sin sun rage tsadar abin ƙwarai, kuma matsakaicinsu ya ishi wanda itatuwansa ba su wuce goma ba.

Abin da hannu zai iya yi

Da an bar maganar kaifi, sauran kayan yawancinsu ana iya haɗa su a gida ba tare da itacen ya san bambanci ba. Ko a manyan gandayen Japan, abin da aka fi amfani da shi wajen sauya kasko shi ne tsinken gora irin na cin abinci, wanda ake tsefe saiwa da shi, a kuma cusa ƙasa cikin lunguna. Ƙugiyar warware saiwa ba ta wuce guntun rodi da aka lanƙwasa bakinsa aka sa masa ƙota ba, aikin da kowane maƙeri zai gama kafin a sha ruwa.

Haka rariya. Ƙasar bonsai ba ta son gari, don gari yana toshe iska ya riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Ana son tsakuwoyi masu girman milimita 2 zuwa 6. Katako huɗu da ragar waya mai ido daban daban sun isa a yi rariya biyu ko uku. Ita kanta ƙasar, mutanen Japan suna amfani da wani yumɓu mai suna akadama, wanda yake da tsada in ya ƙetare teku, amma a Indiya masu wannan sha'awa sun daɗe suna farfasa jan bulo su tankaɗe su gauraya da yashi mai kauri da taki.

Teburin juyi, wanda ake ɗora itace a kai don a duba shi ta kowane gefe, a kan yi shi da gindin tsohuwar kujerar ofis mai juyawa, a ɗaura mata faifan katako. Kaskon reno ma akwatin katako ne ko kwandon roba mai huji, muddin ruwa yana fita da sauri. Kyawawan kasake na Tokoname a Japan da na Yixing a Sin na itacen da ya riga ya kammala ne, wanda za a kai wurin nuni.

Waya tana tsakiya. Ta alminiyam, mai kauri daga milimita 1 zuwa 6, ita ce mai sauƙi ga mai koyo. Ta jan ƙarfe ta fi riƙo, kuma ana iya samunta daga ragowar wayar lantarki, a fere robar da wuƙa, a sa ta cikin garwashi har ta yi ja kaɗan, sa'an nan a bar ta ta huce. Wutar tana sa ta yi laushi, naɗa ta a reshe kuma yana mai da ita tauri, shi ya sa take riƙe reshen a inda aka ajiye shi. Kada a ƙone robar a jikinta, gama hayaƙin guba ne. Ƙa'idar ita ce kaurin waya ya zama wajen sulusin kaurin reshe, a naɗa ta a karkace kamar digiri 45, a kuma cire ta kafin ta nutse cikin ɓawo. Wayar ɗaurin rodi ba ta dace ba, don tana tsatsa a jikin itace. In reshen mai kauri ne a kan fara naɗe shi da jiƙaƙƙen zaren tukurwa don kada ɓawon ya tsage. Ko da yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da wannan dabara a kan shawo kan wanda ya fara ƙosawa.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a dafa a gida ba, watau ruwan farar wuta da farar ƙasa da ake shafa wa busasshen sashen itace don ya yi fari ya kuma daɗe. Tururinsa yana cutar da huhu, ruwan kuma yana ƙona fata da ido.

Gwani ma yana ƙera nasa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kayan gida na marasa hali ne kaɗai. Masahiko Kimura, wanda aka haifa a 1940, ya shiga koyon sana'ar yana ɗan shekara 15, ya yi shekara 11 a hannun maigidansa, ya kuma zama ɗaya daga cikin mashahuran masu bonsai na duniya. Abin da ya fito da shi shi ne sassaƙar busasshen itace, kuma da yawa daga injunan sassaƙar shi ya tsara su da kansa, don babu irinsu a kasuwa. Da farko dattawan sana'ar sun yi masa ca, daga baya suka sallama.

Ga mutanen ƙasashe masu zafi akwai ƙarin dalilin dogara da kai. Itatuwan fayin na Japan suna bukatar sanyin hunturu don su huta, saboda haka ba sa jure zafin ƙasar Hausa. Amma tsamiya ana bonsai da ita a Indiya da Tailan, dangin ceɗiya da ɓaure suna cikin mafi sauƙin reno a duniya, a Afirka ta Kudu kuwa har akwai salon da aka sa wa sunan kuka. Kariya, mai jan fure da ƙaton gindi, wadda ke fitowa a dajin Sahel, tana da masoya da yawa a Asiya. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, don haka a wanke hannu da almakashi bayan an taɓa ta.

Ko na saye ne ko na gida, kayan aiki ba ya daɗewa sai da kulawa. A goge shi bayan aiki, a shafa masa ɗan mai, a wasa shi a kan dutse mai laushi, a kuma wanke bakinsa da sifirit kafin a koma kan wani itace don kada a kai masa cuta. Kada a yanke waya da almakashi, kada kuma a tilasta wa awartaki reshen da ya fi ƙarfinsa. Wannan aikin ƙaramin zarto ne.

Shawarar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ya soma da abin da ke gida, ya reni itace mai araha shekara guda har ya iya ban ruwa, gama rashin iya ban ruwa ya fi rashin kayan aiki kashe itatuwan masu koyo. In itacen ya kai ga yanke manyan rassa, sa'an nan ya sayi awartakin kirki guda ɗaya, ya riƙe shi da kyau. Itacen Yamaki ya yi wajen shekara 300 cikin kasko kafin a ƙera awartakin farko, kuma abin da ya kawo shi yau shi ne ba a taɓa rasa mai tashi da safe ya duba shi ba.