Ko Kun Sani? Anini da Ɗan'uwansa na Rumawa

Ko kun sani cewa anini, ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huda a tsakiya wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Sabon Gari ta Zariya bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma leburorin gonar gwaji ta Samaru suka riƙa sayen goro da ƙosai da shi, ushirin kwabo ne, watau sai an tara 120 kafin a sami sule guda? An fara buga shi a 1907 da alminiyam, domin ya maye gurbin wuri a ƙananan ma'amaloli, sa'an nan a 1908 aka sāke masa ƙarfe mai ƙarko, daga bisani a 1952 aka mai da shi na tagulla. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci mai bayyana ƙimarsa, hudar kuwa ta sa ana iya shirya shi a zare.

Hikimar buga irin wannan kuɗi daɗaɗɗiya ce, gama Rumawan dā, waɗanda daularsu ta mallaki gaɓar Bahar Rum baki ɗaya, suna da nasu ɗan kuɗin tagulla mai suna kwadaran, wanda 64 daga cikinsa ne ke yin dinari guda na azurfa, kuma da shi talakan birnin Rum ke biyan ladan shiga gidan wanka. Hukuma mai basira ba ta mantawa da kuɗin miskini.