Garkar Haɗin Gwiwa a Ƙarshen Damina: Abin da Sababbin Manoman Sifawa Za Su Kiyaye

Fara lambu ba shi da wuya. Da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, matasa biyar ko goma kan ari fili a bayan gari, su yi karo-karo su sayi iri, su kafa shinge, su shuka kuɓewa, yakuwa, rama, alayyahu da kabewa. Wuyar ita ce a kai watan Satumba ana tare. A ƙasar Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Sakkwato, damina gajera ce, wata huɗu ne ko ƙasa da haka, kuma makonninta na ƙarshe su ke nuna wanda ya zo noma da wanda ya zo rakiya.

Agusta ne watan malka. Sabon shiga kan ɗauka yawan ruwa hutu ne gare shi, alhali lokacin ne aiki ke ƙaruwa. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa; idan ruwa ya kwanta a gindin tattasai ko tumatir kwana biyu, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Maganin abin shi ne a ɗaga kunya, a fitar wa ruwa hanya tun kafin hadari ya haɗu. Ciyawa kuwa ba ta jira: wadda aka bari ta zubar da 'ya'ya bana, ita za a yi ta fama da ita baɗi.

Kuɓewa ce babbar malamar ɗan koyo. Takan fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, daga nan sai an riƙa tsinkarta duk bayan kwana biyu ko uku. In aka yi sakaci ta ƙosa, ta yi tauri, uwar kuma ta rage fure. Wadda ta yi rara a yanka a shanya, domin busasshiyar kuɓewa kuɗi ce idan rani ya yi nisa. Ƙwari ma suna kan ganiyarsu: darɓa a bayan ganye, fara da tsutsa a samansa. Jiƙaƙƙun 'ya'yan dogon yaro da aka daka suna rage su ƙwarai. Wanda ya fesa maganin kanti kuwa, wajibi ne ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinki ganye, domin tukunyar mutane zai shiga.

Sai dai abin da ya fi kashe garkar haɗin gwiwa ba ƙwaro ba ne. A Satumba gero ke nuna, kowane matashi gonar gidansu na kiransa girbi. Wannan ya ce ai wane zai leƙa, wancan ma ya ce haka, sai akuya ta riga kowa shiga ta ɓarakar shinge. Daga nan sai ƙorafi: ni na fi wahala, kai ka fi ɗiba. Gayya ta kwana ɗaya ce, a yi aiki a ci tuwo a watse. Tarayyar da za ta yi watanni kuwa sai da ƙa'ida.

Mutanen Sifawa ba baƙin wannan magana ba ne. A garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, kuma a zamansa nan, cikin 1812, ya raba ɗawainiyar tafiyar da daula: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Magabata sun san cewa aikin da ba a danƙa wa kowa ba, ba ya da mai yi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda har yau ake karantawa a zaurukanmu, ya yi bayanin tarayya a shuka: ta halatta idan iri ya fito daga abokan tarayya gaba ɗaya kuma aka raba amfani a tsakaninsu, amma bai yarda ƙasa ta zama ta wani, irin kuma duka na ɗayan ba. Ya kamata matasa su zauna gaban malaminsu kafin su sa hauya, a fayyace ranar kowa, da mai riƙe kuɗi, da yadda za a yi rabo, a rubuta a takarda.

Hukuma ma ta sha gwada sa'arta wajen haɗa kan jama'a a kan noma. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya kira kowa ya yi shuka a bayan gidansa. Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, ya ƙaddamar da nasa shirin bunƙasa noma a 1980. Shirin Fadama na uku, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2008, ya bi ta hannun ƙungiyoyin manoma ne. Amma injin ban ruwa da taki ba sa riƙe ƙungiyar da ba ta da amana a tsakanin 'ya'yanta.

Sannan ƙarshen damina, a wurin ɗan lambu, mafarin shekara ne. Daga Satumba zuwa Oktoba ake yafa irin albasa da tumatir a fangali don noman rani. Tumatir kan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, albasa mako shida zuwa takwas. Yanzu ne ake ware kuɓewa mafi kyau a bar ta ta bushe a jikin uwa don iri, a tara taki ya ruɓe sosai, domin ɗanyensa ƙone shuka yake yi.

Saboda haka dattawan da suka ba da aron fili kada su karɓe shi don amfanin bana bai taka kara ya karya ba; su riƙa leƙawa suna gyara wa yara hannu. Matasa kuma su zauna tun yanzu su yi lissafin abin da aka kashe da abin da aka samu, su raba a gaban kowa. Waɗanda suka rabu da damina ba tare da riƙo a zuci ba, su ne za su iya tarayya a kan rijiya da injin idan rani ya kama.