Yadda jiki ke gina sababbin jijiyoyin jini

Jini shi ke kai abinci da iskar oksijin ga kowane sashe na jikin ɗan Adam. Yana bin manyan jijiyoyi, sannan ya shiga ƙanana waɗanda suka fi gashin kai siranta, kamar yadda ruwan garka ke barin babbar magudana ya ratsa kowane fangali. Idan mutum ya ji rauni, ƙananan jijiyoyin nan sukan tsinke, dole jiki ya gina wasu. To, ta yaya yake sanin inda ake bukatarsu?

Mene ne anzim?

Anzim wani sinadari ne da jiki ke yi domin gaggauta ayyukansa. Ga misali: idan kuka daɗe kuna tauna burodi, za ku ji ya fara zaƙi. Anzim ɗin da ke cikin miyau ne ya mayar da shi sukari. Anzim iri-iri ne, kowane da aikinsa.

Anzim mai auna iska

Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai anzim da masana ke kira PHD. Ba ya iya aiki sai da oksijin. Muddin akwai isasshiyar iska, yakan sanya alama a kan wani sinadari mai suna HIF, sai ƙwayar halitta ta lalata shi.

Idan jini ya daina isa wani wuri, iska takan yi ƙaranci, PHD ya tsaya. Sai HIF ya taru, ya sa ƙwayoyin halitta su fitar da wani sinadarin kiran agaji, VEGF. Da saƙon ya isa jijiyoyin da ke kusa, sai su yi tsiro, su miƙa rassa zuwa wurin. Idan jini ya dawo da iska, PHD yakan koma bakin aiki, ginin ya dakata. Jan naman da kuke gani cikin raunin da ke warkewa cike yake da irin waɗannan sababbin jijiyoyi.

A shekarar 2019 aka bai wa William Kaelin da Gregg Semenza na Amurka da Peter Ratcliffe na Ingila lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke auna oksijin.

Inda tsarin ke zama illa

Ciwon daji na cin moriyar wannan tsari. A 1971 likita Judah Folkman ya bayyana cewa ƙari ba ya wuce kimanin milimita 2 sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini. Daga wannan tunani aka samo magunguna masu tare VEGF, irin su Avastin da aka amince da shi a Amurka a 2004.

Ciwon sukari kuwa yakan lalata ƙananan jijiyoyin ido. Ido ya rasa iska, sai ya tsirar da sababbi marasa ƙwari, masu zubar da jini. Hakan na iya kai ga makanta.

Shawarwari

1. Ku wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, ku rufe shi. Kada ku ƙanƙare jan naman.
2. Ku riƙa shan lemu, gwaba, tumatir da garin ƴaƴan kuka. Bitamin C da ke cikinsu na taimaka wa rauni ya warke.
3. Ku guji taba, domin tana matse jijiyoyin jini.
4. Mai ciwon sukari ya je a duba idonsa sau ɗaya a shekara, ko da yana gani sarai.
5. Ƙullutun da ke girma, ko raunin da ya ƙi warkewa, a kai wa likita tun da wuri.