Hotunan 'yan siyasa masu bayyana jiki: Me ƙa'idojin aiki suka tanada?

A watan Oktoban 2020, wata mujallar mata ta ƙasar Finland mai suna Trendi ta wallafa hoton firaministar ƙasar ta wancan lokaci, Sanna Marin, sanye da baƙar kwat mai buɗaɗɗen gaba, babu wata riga a ciki.

Kafin a ce kwabo hoton ya bazu a kafofin sada zumunta. Masu suka suka ce bai dace da shugabar gwamnati ba, musamman a lokacin da ƙasar ke fama da annobar korona. Su kuwa magoya bayanta, mata da maza, sai suka riƙa saka hotunansu a Instagram cikin irin wannan shiga domin nuna suna tare da ita.

Babu wata hukuma da ta hukunta Madam Marin, wadda ke da shekaru 34 a lokacin, domin babu dokar da ta karya.

To amma kuma akwai 'yan siyasar da hoto guda ya raba su da kujerunsu cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ne ya sa ake tambayar shin ina iyakar take, kuma wane ne ke shata ta.

Abin da ke rubuce

A mafi yawan ƙasashen da ke bin tafarkin dimokuraɗiyya, kundin ɗa'ar 'yan majalisa da na ministoci bai ambaci tufafi ko adadin jikin da mai muƙami zai iya nunawa a hoto ba. Abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne martabar ofishin.

A Amurka, ƙa'idar majalisar wakilai, wadda aka fara aiki da ita a 1968, ta buƙaci kowane ɗan majalisa ya riƙa gudanar da al'amuransa a kowane lokaci ta hanyar da za ta ɗaga darajar majalisar. Majalisar na iya jan kunnen wanda ya saɓa, ko ta yi Allah wadai da shi a bainar jama'a, ko kuma ta kore shi idan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar suka amince.

A Birtaniya kuwa, akwai ginshiƙai bakwai da kwamitin Lord Nolan ya shimfiɗa a 1995 domin masu riƙe da muƙaman gwamnati. Su ne rashin son kai, da riƙon amana, da adalci wajen yanke shawara, da ɗaukar alhakin abin da aka aikata, da yin komai a fili, da faɗin gaskiya, da kuma zama abin koyi.

Kundin ɗa'ar majalisar dokokin ƙasar ya bayyana cewa ba ya tsoma baki a rayuwar ɗan majalisa ta ƙashin kansa. Sai dai ya hana shi aikata duk abin da zai zubar da mutuncin majalisar.

Hakan ba ya nufin cewa abin da ɗan siyasa ya saka a shafinsa ya fi ƙarfin hukunci. A watan Nuwamban 2021, majalisar wakilan Amurka ta yi Allah wadai da Paul Gosar, ta kuma cire shi daga kwamitoci, saboda wani bidiyon zane da ya saka, wanda ya nuna shi yana kashe wata abokiyar aikinsa. Amma a nan barazana ga rayuwar wata aka hukunta.

Idan aka zo batun bayyana jiki, abin da ya faru a shekaru 15 da suka gabata ya nuna cewa makomar ɗan siyasa takan dogara ne a kan abubuwa huɗu: ko ya yi ƙarya, ko ya yi amfani da dukiyar gwamnati, ko hoton zai sa a iya juya shi, da kuma ko shi ne ya fitar da hoton da hannunsa.

Ƙarya ta fi hoton illa

A ranar 9 ga watan Fabrairun 2011, wani shafin intanet ya wallafa hoton ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar New York, Chris Lee, babu riga a jikinsa. Ya aika wa wata mata hoton ne bayan ya shaida mata cewa shi bazawari ne, ya kuma ɓoye mata ainihin aikinsa, alhali kuwa yana da aure. A ranar ya yi murabus.

Watanni uku bayan haka, wani ɗan majalisar daga wannan jiha, Anthony Weiner, ya yi kuskuren saka hotonsa da ɗan kamfai a shafinsa na Twitter, wanda yanzu ake kira X, maimakon ya aika shi a asirce ga wata ɗaliba.

Mista Weiner ya shafe kwanaki yana shaida wa manema labarai cewa kutse aka yi masa. A ranar 6 ga watan Yuni ya fito ya amsa cewa ƙarya ya yi. Daga nan shugabannin jam'iyyarsa ta Democrat, ciki har da Nancy Pelosi, suka nemi ya sauka, kuma ya sanar da murabus ɗinsa a ranar 16 ga watan.

A 2017 wata kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin watanni 21 saboda aika saƙonnin batsa ga wata yarinya 'yar shekara 15. Wannan kuwa laifi ne a gaban doka, ba batun ɗa'ar aiki ba kawai.

Dukiyar gwamnati

Labarin Aaron Schock, wani matashin ɗan majalisa daga jihar Illinois, ya nuna wani ɓangare na daban.

A 2011 ya fito a bangon mujallar Men's Health da rigarsa a buɗe, yana nuna ƙirji da ciki, da sunan ƙarfafa wa jama'a guiwar motsa jiki. An yi ta tsokaci, amma kujerarsa ba ta girgiza ba, har ma ya sake cin zaɓe.

Abin da ya kai shi ƙasa shi ne hotunan tafiye-tafiyen da yake sakawa a Instagram. A farkon 2015, kamfanin dillancin labarai na AP ya yi amfani da bayanan wuraren da aka ɗauki hotunan, ya gwada su da takardun kashe kuɗinsa, inda ya gano tafiye-tafiyen da ya yi a jiragen masu ba shi gudummawa, waɗanda aka biya da kuɗin jama'a da na yaƙin neman zaɓe. Ya yi murabus a watan Maris na wannan shekara.

Ita ma Sanna Marin ta gamu da wannan bambanci. A watan Agustan 2022 wani bidiyo ya ɓulla da ya nuna ta tana rawa a wata liyafa, har ta kai ga ta yi gwajin ƙwayoyi, wanda ya nuna ba ta sha komai ba. Ba ta nemi gafara a kan rawar ba.

Amma da wani hoto ya fito na wasu mata biyu cikin baƙinta babu riga a jikinsu, wanda aka ɗauka a gidan firaminista da ke Helsinki, sai ta fito ta ce hoton bai dace ba, ta kuma nemi afuwa. Gidan na gwamnati ne, kuma da kuɗin masu biyan haraji ake kula da shi.

A watan Nuwamban 2022, babban jami'in da ke sa ido kan halaccin ayyukan gwamnatin Finland ya kammala nazarin ƙorafe-ƙorafen da aka shigar, ya ce bai ga shaidar cewa ta yi sakaci da aikinta ba. Ya bar batun ɗabi'a a hannun majalisa da masu zaɓe.

A zaɓen watan Afrilun 2023 jam'iyyarta ta ƙara yawan kujerunta, amma ta zo ta uku, ta kuma rasa mulki, a wani yaƙin neman zaɓe da batun bashin ƙasa ya mamaye.

Lokaci da yanayi

Wani lokacin kuma shugaba ne kan yanke hukunci, ba wani kwamiti ba.

A watan Afrilun 2023, wata ƙaramar minista a gwamnatin Faransa, Marlene Schiappa, ta fito a bangon mujallar Playboy, wadda ta yi suna wajen hotunan tsiraici. Da tufafinta ta fito, tare da wata hira mai shafuka 12 a kan 'yancin mata, kuma ta kare kanta a Twitter da cewa mace na da iko da jikinta.

Firaministar lokacin, Elisabeth Borne, ta kira ta a waya ta shaida mata cewa abin bai dace ba, musamman ganin yadda ƙasar ke cikin zanga-zangar adawa da ƙara shekarun yin ritaya.

Ba a kore ta a lokacin ba. Ta bar gwamnati ne a watan Yuli, bayan wani binciken majalisar dattawa ya soki yadda aka tafiyar da wani asusun gwamnati na yaƙi da tsattsauran ra'ayi da ta kafa.

Haɗarin a juya mutum

Abin da ya fi damun jami'an tsaro shi ne hotunan da ake aikawa a ɓoye, domin duk wanda ya riƙe su ya riƙe wuyan mai su.

A watan Afrilun 2024, ɗan majalisar dokokin Birtaniya William Wragg ya amsa cewa ya aika hotunan tsiraicinsa ga wani da suka haɗu a wata manhajar neman abokan soyayya. Ya ce tsoron tonon silili ne ya sa ya miƙa wa mutumin lambobin wayar wasu abokan aikinsa, waɗanda su ma aka riƙa aika musu saƙonnin yaudara.

Ya sauka daga shugabancin wani kwamitin majalisa, ya kuma fice daga rukunin 'yan majalisar jam'iyyar Conservative.

Wanda aka tona wa asiri

Akwai kuma waɗanda ba su ne suka fitar da hotunan ba.

A watan Oktoban 2019, wasu kafofin yaɗa labarai suka wallafa hotunan tsiraicin 'yar majalisar wakilan Amurka daga jihar California, Katie Hill, ba da izininta ba. Kwamitin ɗa'a na majalisar ya buɗe bincike, amma ba a kan hotunan ba. Ya binciki zargin cewa tana da alaƙa da wani ma'aikacin ofishinta ne, abin da wata ƙa'ida ta 2018 ta haramta. Ta musanta wannan zargi, ko da yake ta amsa yin alaƙa da wata ma'aikaciyar yaƙin neman zaɓenta, daga bisani ta yi murabus.

Ta kai ƙarar kafofin da suka wallafa hotunan, amma a 2021 kotu ta yi watsi da ƙarar bisa hujjar 'yancin 'yan jarida.

Yanzu kuma fasahar ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya haɗa hoton tsiraicin mutum ba tare da ya taɓa tsayawa gaban kyamara ba. A 2024 an ruwaito cewa firaministar Italiya, Giorgia Meloni, na neman diyyar euro 100,000 a kotu saboda wasu bidiyon batsa na bogi da aka liƙa fuskarta a kai.

A watan Mayun 2025, shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata doka da ta mayar da yaɗa irin waɗannan hotuna ba da izinin mai su ba laifi a duk faɗin Amurka, ko na gaske ne ko na bogi. Dokar ta kuma wajabta wa kamfanonin sada zumunta cire su cikin sa'o'i 48 bayan an kai ƙorafi.

Mata da maza

Masu fafutukar kare haƙƙin mata sun daɗe suna ƙorafin cewa ba da mudu ɗaya ake auna wa kowa ba.

Misalin da suka fi kawowa shi ne na shugaban Rasha Vladimir Putin, wanda aka rarraba hotunansa babu riga yana kamun kifi a yankin Saiberiya a 2007, da kuma yana kan doki a 2009. An yi amfani da hotunan ne wajen nuna shi a matsayin jarumi mai ƙoshin lafiya.

A taron ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziƙi da aka yi a Jamus a 2022, abin barkwanci kawai hotunan suka zama a bakin Boris Johnson na Birtaniya da Justin Trudeau na Kanada.

Masu ɗaya ra'ayin kuwa na nuni da cewa yawancin waɗanda hoto ya raba su da kujerunsu a Amurka da Birtaniya maza ne.

A Najeriya fa?

Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 sun fi karkata ne ga batun dukiya: bayyana kadarori, da haramcin ajiye kuɗi a bankunan waje ga wasu manyan jami'ai, da karɓar kyauta, da amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba. Babu maganar tufafi ko hotuna a ciki.

Sai dai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta aika saƙonnin batsa ta kwamfuta da gangan, kuma wannan ya shafi kowa, mai muƙami da talaka.

Kazalika sashe na 69 na tsarin mulkin ya ba jama'ar mazaɓa damar yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye, idan fiye da rabin waɗanda suka yi rajistar zaɓe suka sa hannu a takardar cewa sun yanke ƙauna da shi, kuma ƙuri'ar raba gardama ta tabbatar da hakan.

A al'ummomin da addini da al'ada suka riga suka fayyace iyakar al'aura, kamar arewacin ƙasar, ɗan siyasa ba ya buƙatar wani kundi ya gaya masa cewa hoton da ya wuce lami lafiya a Helsinki zai iya kawo ƙarshen siyasarsa. Haɗarin da ya fi kusa da shi shi ne hoton da ya aika a asirce ya faɗa hannun abokan hamayya, ko kuma wanda aka ƙirƙira aka jingina masa ana gab da zaɓe.