Yadda Ake Kula Da Garaya Da Gurmi Don Su Daɗe

Garaya da gurmi da goge kayan neman abinci ne ga makaɗa da yawa a ƙasar Gumel. Da su ake zuwa biki da suna a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wani ma gadon uba ne a hannunsa. Da gurmi marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna. Idan abin kiɗa ya fashe ana tsakiyar bukukuwan kaka, mai shi ya yi asara.

Ana yin waɗannan kaya da itace ko ƙwarya, a rufe da fata, a ɗaura tsirkiya. Itace da fata suna shan danshi, su kumbura. Idan iska ta bushe kuma sai su tsuke. Wannan kumburi da tsukewa shi ke tsufar da abin kiɗa. Haka jita ta Turawa take. Saboda haka kowane lokaci da irin kulawarsa.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙwarai. Fata tana ɗaurewa, ƙwarya tana iya tsagewa. Idan an gama kiɗa, a sassauta tsirkiya kaɗan. A naɗe garaya da zane, a sa ta a jaka. Kada a ajiye ta kusa da murhu ko wurin jin ɗumi.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu rana ce abokiyar gaba. Kada a bar abin kiɗa a rana, ko a rataye shi dab da rufin kwano. Mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya rufe shi da kyau kafin ya ɗaura a babur.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba fata tana saki, murya ta dushe. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Masu kanga fata a wuta su yi daga nesa, na ɗan lokaci. Wuta mai ƙarfi tana ƙona fata. Kada a ajiye a ƙasa ko a jingina da bango, saboda gara da ɓeraye. A rataye a ƙusa. Busasshen ganyen darbejiya a cikin jaka yana taimakawa wajen korar ƙwari.

Goge jiki

Gumin hannu yana da gishiri, yana ɓata itace. Bayan kiɗa a goge da tsumma mai laushi, busasshe. Ba a wankewa da ruwa ko sabulu. Sau biyu a shekara a shafa man kaɗanya kaɗan a sandar, a goge shi sosai. Kada mai ya taɓa fata ko izgar goge. Duhun da tsohon itace ke yi ba datti ba ne, kada a kankare shi.

Idan an ga tsaga

A sassauta tsirkiya nan take. Ƙwarya a kai wa gyartai, itace a kai wa masassaƙi. Ƙaramar tsaga tana gyaruwa da kuɗi kaɗan. Idan ta yi tsawo, sai sayen sabuwa. Rigakafi ya fi magani.